Aburi, Limbe ko Singafo: wane lambu za ka je ɗaukar hoto, kuma da me?

Wanda ya tashi inda ruwa ke sauka wata huɗu ya ɗauke, ranar da ya fara shiga lambun itatuwa na ƙasashen kurmi abin da ke fara ba shi mamaki shi ne duhu. Rana tsaka ce, amma ƙarƙashin itatuwan sai ka ce magariba ta gabato, ga iska mai nauyi da ke jiƙa riga tun ba a yi nisa ba. Wannan duhun da wannan danshin su ya kamata su zaɓa maka lokacin tafiya da kayan da za ka saya. Amma tukuna, ina za a je?

Mafi sauƙi a gare mu shi ne lambun Aburi a Ghana. Yana kan tudun Akwapim, tafiyar da ba ta kai kilomita 40 ba daga Accra, kuma an buɗe shi tun 1890. Filinsa ya kai wajen hekta 65, sai dai ɓangaren da aka gyara domin masu yawo ƙarami ne, sauran kurmi ne, don haka wuni guda ya ishe ka. Turawan mulki sun yi amfani da shi wajen raba wa manoma irin koko, kuma gonar Tetteh Quarshie, mutumin da ya shigo da koko Ghana daga tsibirin Fernando Po (Bioko a yau) a 1879, tana nan kusa a Mampong. Ɗan Najeriya ba ya bukatar biza, fasfo da katin rigakafin shawara kawai. Ko ka hau jirgi ta Abuja ko Legas, ko ka bi mota ka haƙura da iyakoki uku: Seme, Hillacondji da Aflao. Daga Accra kuwa sai ka nufi tashar Madina ka shiga ƙaramar bas da suke kira trotro. Madina zango ce, da Hausarka za ka tambayi mota, ka ci waakye, wato shinkafa da wakensu, ka sami masallaci.

Abubuwa biyu ne ke kai mai hoto Aburi. Na farko layin dogayen itatuwa dangin kwakwa da ke tarbar mutum daga ƙofa, dama da hagu, santala-santala. Na biyu wani tsohon rimi da ake cewa ragowar kurmin da aka sare ne kafin a kafa lambun. Mun san rimi a gida, amma rimin da ya sha ruwan kurmi daban ne: saiwoyinsa sun miƙe kamar katanga, mutum zai shige tsakaninsu ya ɓace.

Limbe a Kamaru ya fi Aburi kyan wuri, wannan ba gardama. Jamusawa ne suka kafa lambun a 1892, lokacin garin yana amsa sunan Victoria, domin gwada shuka roba, kofi, koko da itacen kwinin. Teku na gabansa, Dutsen Kamaru na bayansa, ƙorama kuma ta ratsa ta cikinsa. Matsalarsa biyu. Yana yankin Kudu maso Yamma, inda rikicin masu magana da Ingilishi ya ɓarke tun 2016, don haka kada ka kama hanya sai ka ji halin da ake ciki daga bakin wanda ke can. Sannan ruwa: ƙauyen Debundscha da ke gefensa yana samun kusan milimita 10,000 a shekara, yana cikin wuraren da suka fi ko'ina ruwan sama a duniya. Wanda ke zaune a Douala ko Yawunde, Limbe nasa ne. Mai tasowa daga Kano ko Maraɗi takanas domin hoto, ni dai ba zan fara tura shi can ba.

Singafo kuma wani mataki ne. An kafa lambunta a 1859, UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2015, ana buɗewa ƙarfe 5 na asuba har 12 na dare, shiga kuma kyauta ne in ban da sashen furannin okid, inda aka tara iri fiye da 1,000. Komai a gyare, kowace shuka da allon sunanta. Amma ga biza, ga kuɗin jirgi da zai sayi kyamara mai kyau har a yi canji. Ya dace da ɗaliban da ke karatu a Malesiya, waɗanda daga Johor Bahru gada kawai za su tsallaka.

To mu ce Aburi. Yaushe? Kudancin Ghana damina biyu gare shi: babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba. Mutanenmu sun fi son tafiya a hutun Disamba, kuma nan ne kuskuren yake, domin hunturu yana kaiwa can. Hazo zai dushe sama, ƙura ta kwanta kan ganye, ka dawo da hoton da babu bambanci da na gida. Yuni kuma ruwa na iya tsare ka a ɗaki. Agusta ya fi: ruwa ya lafa, ganye na nan kore shar, gari a lumshe. Kada lumshin ya dame ka. Girgije yana tace hasken rana, launin fure ya fito yadda yake, alhali rana mai ƙarfi cikin itatuwa tana yayyanka hoto, nan fari fat can baƙi ƙirin. Ka guji Asabar da Lahadi da ranakun hutu, lokacin 'yan shaƙatawa ne da masu hoton biki. Ka isa da zarar an buɗe ƙofa, raɓa ba ta bushe ba.

Yanzu kayan aiki, inda kuɗi ke zurarewa.

In wayarka ta zamani ce mai ido biyu ko uku, za ta ɗauko maka layin kwakwan nan da rimi ba tare da ka sayi komai ba. Inda take gazawa shi ne cikin inuwa idan iska na kaɗa ganye, da kuma abin da ke nesa, domin jawo hoto da yatsa sau da yawa yanke shi kawai yake yi, ya farfashe. Wayoyi da yawa kuma suna ƙara wa kore armashi har ya zama kamar fenti. In hoton na WhatsApp da Instagram ne, tsaya a kan waya, ka sayi batirin ajiya na caji, ka ƙara kwana ɗaya a Aburi da ragowar kuɗin. Soket ɗin Ghana irin na Najeriya ne, ba sai ka nemi wani kai ba.

Wanda ke son bugawa ya rataye, ko yake son kama ƙudan zuma a cikin fure, shi ke bukatar kyamara mai canjin ido. Ta hannu ta wadatar. Tsohuwar Canon ko Nikon da idonta na asali mai 18-55mm za ta yi kusan duk aikin. Amma kafin ka biya, cire idon, ka haska tocilan ta bayansa ka leƙa ta gaba. In ka ga wasu siraran zare fari-fari sun bazu a cikin gilashin, fumfuna ce, ajiye musu kayansu, komai arhar da suka yi maka. Ido na biyu shi ne wurin shawara. Mai 50mm f/1.8 yana da arha, yana shan haske sosai, ya dace da duhun kurmi. Na ɗaukar ƙananan abubuwa, mai 90 zuwa 105mm, ya fi tsada nesa ba kusa ba, kuma sai mai haƙurin durƙuso gaban fure guda na minti goma zai ci moriyarsa. In ba ka taɓa irin wannan durƙuson a gida ba, ba a Aburi za ka fara ba.

Abin da na fi ba wa muhimmanci ƙarami ne, filtar da ake kira CPL. Ganyen kurmi mai sheƙi ne, musamman bayan ruwa, sheƙin kuma yana fitowa fari a hoto. Ka ɗaura filtar a bakin ido, ka riƙa juya zobenta a hankali kana kallo: farin zai janye, koren da ke ƙarƙashi ya bayyana, har jijiyoyin ganyen. Tana rage haske, saboda haka a wuri mai duhu sosai cire ta. Duba faɗin bakin idonka kafin saye, a rubuce yake a jikinsa, na Canon 18-55mm 58 ne. Ƙafar kyamara mai uku kuwa, in ba ruwa mai gudu za ka ɗauka ba, kaya ce kawai a kafaɗa.

Sai danshi. Kyamarar da ta kwana a ɗaki mai na'urar sanyi, da ka fito da ita waje gilashinta zai yi gumi. Bar ta cikin jaka a zuge kamar rabin sa'a ta saba da zafin waje, kuma kada ka canza ido a wannan lokacin. Ƙananan ƙunshin nan masu tsotse laima da ake samu a kwalin sabon takalmi, tara su ka zuba a jakar. Leda mai zif da ƙyalle mai laushi su ma su shiga.

A layin kwakwa, kada ka tsaya a bakinsa ka bar idon kyamara a 18mm. Ja da baya sosai, ka jawo hoton zuwa 55mm, itatuwan za su matso juna su cika hoton. A gindin rimi kuwa sa abokin tafiyarka ya tsaya tsakanin saiwoyin, in ba haka ba wanda ya ga hoton zai ɗauka rimin bayan gari ne. Ka riƙe sidi, kuɗin Ghana, a hannu domin kuɗin shiga, kuma tun a ƙofa ka tambaya ko akwai kuɗin kyamara daban, domin lambuna da dama suna bambanta mai hoton yawo da mai hoton sana'a, babbar kyamara da ƙafa uku kuma nan take suke sa a ɗauke ka na biyun.