Ra'ayina kan epoxy (wani irin gam mai tauri) na hana ruwa shiga ƙaramin jirgin ruwa na wasa

Wanda ke haɗa ƙaramin jirgin sauke sojoji da hannunsa, irin Higgins ɗin nan da aka sauke sojoji da shi a Normandi ta ƙasar Faransa a 1944, ya nemi epoxy mai bushewa a hankali, kar ma ya kalli mai minti 5 ɗin nan don kafin ka gama shafawa ya riga ya daskare a buroshi. Nawa kwalba biyu ne ana haɗa su daidai wa daida, kuma gaskiya ya yi aiki, katakon balsa marar nauyi da filawud suka shanye shi sosai, da na ɗora siririn ƙyallen fiberglass (ƙyallen zaren gilashi) a ƙasan jirgin sai ya yi tauri kamar ƙashi. A shafa ciki da waje fa, in ka bar ciki ruwa kaɗan ya shiga sai katakon ya kumbura fenti ya tsage.

Inda bai taimaka ba shi ne ƙofar gaba da ke sauka, wurin dole ya motsa, ba yadda za ka liƙe shi, sai na sa bango na biyu a bayan ƙofar da roba a gefe. Bututun da sandar farfela ke bi kuma giris yake so.

Abin haushi, yana da wuyar gogewa da sanfefa in bai kwana ya bushe ba, ga shi yana ƙara wa jirgin nauyi in ka zabga da yawa. A sa safar hannu don yana sa fata ƙaiƙayi. Zan sake saya dai.