Rikodar da ta dace da mai binciken walwalar harshe, da yadda za a kauce wa jabu

Ɗalibin digiri na biyu ko na uku da zai naɗi hirar mutane, ko don nazarin Ingausar ɗaliban jami'a, ko don bambancin Sakkwatanci da Kananci, ko don ganin yadda 'yan kasuwar Sabon Garin Kano ke koyon Hausa, dukan jarinsa yana cikin sautin da ya ɗauko. Harshenmu kuwa ba ya yafe wa naɗi marar kyau. Bambancin "kara" da "ƙara", ko "dafa" na abinci da "dafa" na kafaɗa, yana cikin ɗan abin da na'ura mai arha ke haɗiyewa.

Wayar hannu ita ce zaɓin farko na kowa, kuma a ganina ita ce ta ƙarshe. Tana matse sauti, tana ɗaga murya da rage ta da kanta, kira ɗaya kuma ya isa ya katse hira. Saƙon murya na WhatsApp ma kada a kawo shi. A cikin rikodoji kuwa, Sony ICD-PX470 ta fi dacewa da naɗar lacca. Tascam DR-05X na'ura ce mai kyau, batirinta na daɗewa, amma kunnuwanta na kwasar sauti daga kowace kusurwa, har da janareta da adaidaita sahu. Zoom H5 ta masu gidan rana ce, sai fa in za a haɗa wa mutum biyu makirufo daban-daban.

Wadda na fi amincewa da ita ita ce Zoom H1n. Ƙarama ce, tana shiga aljihun riga, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Tun 1972 William Labov, masanin walwalar harshe ɗan Amurka, ya ja hankali kan matsalar nan: muna son jin yadda mutane ke magana in ba a sa musu ido ba, alhali sai mun sa musu ido za mu ji. Dattijo ya ga ƙatuwar na'ura a gabansa, nan take zai koma Hausar gidan rediyo, "hwara" ta zama "fara". Ƙaramar rikoda a kan tabarma, bayan an nemi izininsa, da an yi minti goma ya manta da ita.

Makirufonta biyu gaba suke fuskanta, don haka mai magana suke bi. Tana cin batir AAA biyu, su kai wajen awa 10, ana kuma iya jona ta da fawa-bank. Tana da kafar jona makirufon da ake maƙalawa a wuyan riga, da ta iyafis. A saita ta a WAV, wato tsarin fayil da ba ya matse sauti, a kan 48 kHz da 24-bit, kada a taɓa MP3 mai matse shi. Awa ɗaya a haka tana cin kusan 1GB, wato katin 32GB, wanda shi ne iyakar abin da take karɓa, zai ɗauki wajen awa 30. A murɗa ɗan faifan ƙarfin sauti har murya ta riƙa tsayawa kusa da -12 a ma'aunin da ke fuskar na'urar, saboda dariya ko tari kada su fasa naɗin. Aibinta ɗaya, jikinta roba ne, motsin yatsa yana shiga. A ajiye ta a kan ƙyalle, a sa mata hular soso ko ta gashi, musamman lokacin hunturu.

Sai dai duk wannan banza ne in katin memori na jabu ne, kuma nan ne aka fi cutar ɗalibai. Katin jabu zai nuna 32GB a kwamfuta, alhali ainihin cikinsa bai wuce 4 ko 8 ba. Makon farko komai lafiya lau. Da ya cika sai ya fara taka tsofaffin fayiloli, ko ya riƙa nuna sunan fayil babu komai a ciki. Mutum ba zai sani ba sai ya baro ƙauyen da ya yi wata guda a ciki. Kwali da tambarin SanDisk ba shaida ba ne, domin su ma bugawa ake yi. A sauke manhajar H2testw, kyauta ce, a bar ta ta cike katin ta karanto shi kafin a naɗi ko kalma ɗaya. In ta nuna kuskure, a mayar wa mai shago a ranar.

Haka ƙananan rikodoji marasa suna masu siffar biro, da ke ikirarin WAV a jikin kwali. A yi naɗin gwaji a furta "tsatsa" da "sassaƙa", a buɗe a Praat, manhajar nazarin sautin magana, a ɗaga iyakar hoton sautin zuwa 20,000 Hz. In sama da 8,000 fayau yake, sunan WAV ɗin kawai aka sayar maka. Mai sayen H1n ta hannu kuma ya duba gidan batir ko ruwan batir ya ci shi, ya sa iyafis ya tabbata kunnen dama da na hagu duka suna ɗauka, ya murɗa faifan ya ji ko yana ƙarƙara. Kowace yamma a kwafe naɗin ranar wuri biyu, kwamfuta da filashi, kafin a kwanta.