Kyamara, Sansa ko Madubi Mai Allo: Wanne Ya Dace da Motar Tseren da Ba a Ganin Bayanta?

Motocin tsere irin su Chevrolet Camaro, Nissan 370Z da Corvette an ƙera su ne domin su tsaga iska, kuma ganin baya yana cikin abubuwan da aka sadaukar saboda wannan buri. Kujerar direba tana ƙasa sosai, gilashin baya ƙarami ne kuma a kwance yake, ginshiƙan da ke riƙe da rufi ta baya masu kauri ne, sannan ƙugun motar ya fi gabanta faɗi da tudu. A wasu motocin ma injin ne ke zaune a bayan kujeru. Matsalar tsohuwa ce: masu Lamborghini Countach, wadda aka ƙera daga 1974 zuwa 1990, sun shahara da ɗaga ƙofa sama su zauna a bakinta, suna waiwaye ta saman rufi yayin da suke yin ribas. A yau akwai na'urori iri huɗu da ake sayarwa domin magance wannan, sai dai ba aiki ɗaya suke yi ba, kuma mutane da yawa suna kashe kuɗi a kan wadda ba ita ce maganin damuwarsu ba.

Kafin a je kasuwa, ya kamata a fara duba abin da motar ta zo da shi daga kamfani. Dokar Amurka ta wajabta kyamarar baya a kan duk sabuwar ƙaramar mota da aka ƙera daga 1 ga Mayu, 2018, kuma ta ƙayyade cewa hoton ya nuna filin da ya kai ƙafa 10 a faɗi da ƙafa 20 a tsawo a bayan motar, ya kuma bayyana cikin daƙiƙa biyu da sa giyar ribas. Saboda haka Mustang ko Camaro ɗin da aka shigo da ita tokumbo daga can, idan ƙirar bayan wannan lokaci ce amma allonta ba ya nuna komai, to kyamarar ta mutu ne ko an yanke wayarta wajen gyaran bamba bayan haɗari. Gyara ta asali ya fi sayen wata, domin ita ce ke haɗe da sitiyari, layukan jagora da take zanawa a allo suna lanƙwasa daidai da inda taya za ta bi.

Idan motar ba ta da komai, kyamarar ribas ce ya kamata a fara saya, kuma a nan ne ake buƙatar natsuwa. Abu na farko shi ne faɗin gani. Masu sayarwa suna alfahari da digiri 170, amma duk lokacin da faɗin ya ƙaru, hoton yakan lanƙwashe, abin da ke kusa ya yi kamar yana nesa. Ga motar da damuwarta ita ce kada salansa ko ƙasan bamba ya daki dakalin gefen titi, kyamarar da ke tsakanin digiri 120 zuwa 150 ta fi ba da hoton da za a iya auna tazara da shi. Abu na biyu shi ne wurin ɗaura ta. Bayan motar tsere yana kusa da ƙasa, don haka kyamarar da aka manna a saman lamba tana kallon duniya ne daga tsayin gwiwa, kuma dole a karkata ta yadda gefen bamba zai riƙa fitowa a ƙasan allo, domin in ba a ganin bamba, babu abin da ido zai kwatanta tazara da shi. A tabbatar kuma tana tsakiyar mota daidai, kuma ta yi nesa da bakin salansa, musamman a motocin da salansarsu ke fitowa ta tsakiya, saboda zafi yana lalata robar da ke hana ruwa shiga. A nemi mai alamar IP67 ko IP68, wadda ƙura ba ta shiga cikinta kuma wankin mota ba ya kashe ta.

Sai batun waya ko marar waya. Marar waya tana jan hankali domin ba sai an ɓalle rufin ciki ba, kuma a motar da injinta ke tsakiya, jan waya daga baya zuwa gaba aiki ne mai cin lokaci da kuɗi. Duk da haka, a ganina mai waya ce ta cancanci kuɗin. Yawancin marasa waya suna aiki ne a zangon 2.4 GHz, inda Wi-Fi da Bluetooth suke cunkushe, kuma hotonsu yakan makara ko ya tsaya cak na ɗan lokaci, alhali jinkirin rabin daƙiƙa ya isa a taɓa bango. Wani abin da ake yawan mantawa shi ne dacewar kyamara da allo: kyamarar AHD, wato sabon tsari mai hoto tangaran na 720p ko 1080p, ba za ta nuna komai a tsohon allon da ke karɓar tsohon tsarin hoto na CVBS kaɗai ba. Haka nan a motocin zamani da yawa, musamman na Jamus, wutar da ke zuwa fitilar ribas ba tsayayya ba ce, kwamfutar mota ce ke tsinka ta, shi ya sa hoton ke rawa da zarar an tayar da inji idan an ɗauki wuta kai tsaye daga fitilar. Mai wayarin da ya san aikinsa zai sa rile (makunnin da ke ɗauko tsayayyar wuta) ko matatar wuta a tsakani, kuma tambayarsa wannan tun kafin ya taɓa motar hanya ce mai kyau ta gane ko ya saba da irin aikin.

Sansar fakin, wato ƙananan idanun nan da ake hudawa a jikin bamba, tana aika sautin da kunne ba ya ji ne, ta auna lokacin da yake ɗauka kafin ya dawo. Takan fara ƙara daga tazarar kimanin mita ɗaya da rabi, ƙarar ta zama marar yankewa idan saura kamar santimita 30. Amfaninta shi ne ba ta buƙatar a kalle ta, tana aiki a duhu, kuma tana tsare kusurwoyin bamba inda hoton kyamara ya fi yaudara. Amma tana da makanta iri biyu da suka shafi hanyoyinmu. Ba ta cika jin siririn ƙarfe, sarƙa ko gajeren dutse ba, sannan ba ta san rami ba kwata-kwata, domin babu abin da zai mayar mata da sauti. Buɗaɗɗen lambatu a bayan taya, wurinta fili ne. Akwai kuma matsalar tsayi: yawancin na kasuwa an yi su ne domin a ɗaura su wajen rabin mita daga ƙasa, kuma idan bambar ta gaza haka, sai su riƙa jin kwalta suna ƙara babu dalili, har direba ya daina sauraronsu. Wanda ba ya son a huda masa bamba yana iya sayen irin mai zirin da ake mannawa ta ciki, sai dai tazararta gajeriya ce, ruwan sama yana rikita ta, kuma a bambar roba kawai take aiki. Sansa mataimakiyar kyamara ce mai kyau, amma ba ta maye gurbinta.

Madubi mai allo, wato madubin cikin mota da ke nuna hoton kyamarar da ke kallon baya, shi ne wanda aka fi ruɗewa a kansa. An sa shi a Cadillac CT6 a 2016, Camaro ta same shi a ƙirar 2019, kuma Ferrari 812 Competizione da Polestar 4 sun dogara da shi gaba ɗaya tunda ba su da gilashin baya. Kyamararsa tana can sama tana hango motocin da ke biye, don haka maganin tuƙi ne a kan titi, ba maganin dakalin da ke santimita 20 daga bamba ba. Wanda ke amfani da tabarau na karatu ya gwada shi tukuna, domin ido yana kallon allon da ke kusa ne, ba nesa ba kamar a madubi na gaske, kuma wasu suna jin gajiyar sauyawa.

Tsarin kyamarori huɗu mai nuna mota daga sama, wanda Nissan ta fara fitarwa a 2007, yana da daɗi ƙwarai idan daga kamfani ya zo. Na kasuwa kuwa yana buƙatar huda madubai biyu na gefe da saiti na musamman, kuma a gajeriyar mota haɗin hotunan yakan karkace, don haka ba na ba da shawararsa. Da wannan kuɗin, gara a ƙara kyamarar gaba guda ɗaya domin tsare haɓar mota. Ƙaramin madubin nan mai tudu da ake mannawa a kusurwar madubin gefe shi ne mafi araha a cikin duka, kuma shi ne ke nuna tayar baya da gefen titi, inda ake yawan karce ƙarfen taya.

Ko wanne aka zaɓa, kada a biya cikon kuɗin aiki sai an gwada. A ajiye bulo ɗaya da jarka a bayan motar, a auna mita ɗaya da rabin mita da tef, a duba ko layukan allo sun faɗa inda aka auna, sannan a matsar da jarkar zuwa kowace kusurwa a ji ko sansa ta kama ta. A maimaita gwajin da dare, inji yana aiki kuma fitilu a kunne. A kuma tambayi mai sayarwa ko ana samun kyamarar ita kaɗai idan ta lalace, domin a lokacin hunturu ƙura takan rufe gilashinta kullum, kuma yawan goge shi da busasshen tsumma yana karce shi har hoton ya dusashe.