Gargaɗi ga masu tara tsofaffin kuɗin azurfa da zinariya na ƙasar Holan

Ina jan hankalin masu wannan sha'awa game da wani mai talla a Facebook, wanda yake sauya suna lokaci zuwa lokaci, yana sayar da dala mai zaki (tsabar azurfa mai hoton zaki) da dukat (tsabar zinariya) a farashin da bai kai darajar ƙarfensu ba, kuma ba ya karɓar kuɗi sai ta hanyar da ba a iya dawo da su.

Dala mai zaki, wadda lardin Holan ya fara bugawa a 1575, nauyinta ya ɗan haura giram 27, kuma kashi 75 cikin ɗari nata azurfa ne. Da guduma ake buga ta, shi ya sa da wuya a samu biyu da suka yi daidai: wata rubutunta ya zame zuwa baki, wata zakin bai fito sosai ba, wata kuma da'irarta ta karkace. A hotunan mutumin nan kuwa, lotsawar da ke kusa da wutsiyar zaki tana nan a wuri guda a kan kowace tsaba, wanda ke nuna cewa zubi aka yi daga asali ɗaya. Wanda ya ƙara girman hoton zai ga ƙananan ramuka a fuskar ƙarfen, da siririn layi a gefe inda ɓangarori biyu na mazubin suka haɗu.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne labarin da yake jingina wa zinariyar. Yana cewa daga Akerendam aka tsamo ta, jirgin ruwan VOC, tsohon kamfanin kasuwancin Holan a gabashin duniya, da ya nitse kusa da tsibirin Runde na ƙasar Norway a 1725, aka gano shi a 1972. Jirgin gaskiya ne, kuma dukat ɗinsa da aka sani bugun lardin Utrecht na ƙasar Holan ne na 1724, amma cikin kayan mutumin har da masu shekarun da suka biyo bayan nitsewar.

Dukat na gaske yana da nauyin giram 3.49, zinariyarsa kusan tsantsa ce, don haka a nemi ganinsa a kan ma'auni kafin a yi ciniki. Idan an nuna shaidar NGC ko PCGS, kamfanonin da ke tantance ingancin tsabar kuɗi, a shigar da lambar a shafin kamfanin, a kwatanta hoton da ke can da tsabar da ake tallatawa, domin 'yan damfara suna kwafar lambar gaske su manna ta a kan jabu. Wanda ya riga ya tura kuɗi ya adana saƙonnin da rasit, ya sanar da bankinsa ba tare da jinkiri ba.