Sola ko gyaran dam ɗin Lagdo?

Jama'a ku duba fa, tashoshin sola na Marwa da Gidar a Arewacin Kamaru da aka ƙaddamar a 2023 ba su ɗau lokaci ba, manya suka zo aka yi biki aka ɗau hoto, kowa ya ga faranti jere a fili ya ce an yi aiki, to ɗan siyasa me yake nema da ya wuce haka? Shi kuwa dam ɗin Lagdo tun 1982 yake ba Arewacin Kamaru wuta, injina sun tsufa, ruwa na ja da rani, gyaransa kuɗi ne da shekaru, kuma wa zai leƙa cikin kankare ya ga inji balle ya ba ka ƙuri'a. Ni dai Lagdo zan fara gyarawa, don tela a Garwa har dare yake ɗinki, sola kuwa in rana ta faɗi sai ɗan abin da batir ya tara.