Masu gyaran shafin LinkedIn: sun iya tono labari, amma gishirin ya yi yawa

Wannan sharhi ne kan masu gyara wa ma'aikata shafin LinkedIn (dandalin neman aiki a intanet) da takardar CV, irin waɗanda ke tallata kansu a zaurukan WhatsApp. Ba sai na kama suna ko na faɗi farashi ba, masu neman aiki a ƙungiyoyin agaji sun san su. Alkawarinsu shi ne za su fito da labarin mutum na gaskiya yadda zai fita daban cikin masu nema. Shafin da suka gyara min na mai kula da sanyin alluran rigakafi ne.

Kashin farko na aikinsu ya burge ni ƙwarai. Kira suke yi, tambayoyin kuma a jere: wane hali aka shiga, me ya rataya a wuyanka, me ka yi da hannunka, me ya biyo baya. Tsarin tambayoyin intabiyu ke nan da ake kira STAR, sai dai su sun iya matse mutum. In ka ce ka ceci allurai ranar da firij ya tsaya, ba za su ƙyale ka ba sai ka faɗi abin da ma'aunin zafi ya nuna, wace allura ka fara cirewa, da dalili. A nan gwaninta ke fitowa. Wanda ya san aikin zai ce tsakanin digiri 2 zuwa 8 ake ajiye su, zafi ya fi saurin lalata ɗigon foliyo, daskarewa kuma ita ce ke lalata Penta (allurar rigakafin cututtuka biyar), don haka ƙanƙarar akwatin sanyi sai an bar ta ta fara narkewa, har a ji ruwa na motsi in an girgiza, kafin a sa alluran. Ba wanda zai kwafo maka wannan daga shafin wani. Da a nan suka tsaya, da yabo kawai za su sha.

To amma rubutun da suka dawo da shi wani abu ne daban. Sun liƙa wani kaso cikin ɗari na asarar allurai da wai aka rage, alhali ba wanda ya ba su wannan lissafi, babu shi a kowane rajista. Aikin da aka yi tare da abokan aiki kuma sun mai da shi "ya jagoranci tawaga". Da na yi magana sai suka ce kowa haka yake yi, lambobi ne ke jan ido. Lambobi na jan ido, gaskiya ne, shi ya sa ma a kansu mai intabiyu zai fara tsayawa: daga wane wata zuwa wane wata, kwalba nawa cikin nawa, wa ya sa hannu a rahoton? In ka yi inda-inda a nan, har labarin firij ɗin da ya faru da gaske ba za a ƙara yarda da shi ba. Kuma shafin a buɗe yake. Tsohon shugabanka, wanda shi za a kira a tambaya halinka, yana iya karantawa.

Tsarin rubutun ma da gyara. Gurbin bayanin kai a LinkedIn yana ɗaukar haruffa 2,600, sun cika shi maƙil, alhali 'yan layukan farko ne kawai ke bayyana kafin mutum ya danna don ganin saura, a waya ma sun fi gajarta. Waɗannan layukan masu tsada suka ɓatar kan kalmomin da kowa ke sawa: mai kishin aiki, mai hazaƙa, mai hangen nesa. Labarin da aka sha wahala aka tono yana can sakin layi na huɗu. Layin da ke ƙarƙashin suna, mai haruffa 220, shi kam sun yi shi da kyau, sunan aiki da fannin ƙwarewa ba tare da kirari ba.

Sun yarda da gyara sau ɗaya, sun cire lissafin ƙaryar, har na fara tunanin tura musu mutane. Sai na buɗe CV ɗin. Nan ma sun zuba labari cikin dogayen jimloli, suka share sunayen na'urori da takardun horo. Manyan ma'aikatu da yawa manhaja ce ke fara tace takardu, kalmomin da ke cikin sanarwar aikin take nema. Muhallin labari shi ne gurbin bayanin kai da wasiƙar neman aiki, CV kuwa gajerun layuka yake so.

Wanda zai je wurinsu ya ɗauki sautin kiran a wayarsa, domin da na nemi su turo min abin da suka rubuta a lokacin hirar ƙi suka yi. Kada kuma ya biya ragowar kuɗin sai ya bi rubutun layi-layi, ya soke duk adadin da ba shi da takardar da zai nuna a kai.