Miyar firiza: ki saya ne, ko ki kira mai girki gida?

Uwargidan da ke fita aiki da sassafe, ba ta dawowa sai bayan la'asar, hanya uku gare ta ta cika firiza da miyar mako. Ko ta sayi dafaffiyar miya a roba wajen masu talla a WhatsApp da Instagram, ko ta sayi markaɗe da gyararren nama ta ƙarasa da kanta, ko ta yi cefanenta ta kira mai girki gida ranar Asabar.

Markaɗen bai rage miki komai ba, ke ce dai a gindin murhu.

Ni kiran mai girki nake yi, kuma shi nake ba kowa shawara. Ke kika zaɓi tumatir da tattasai da attaruhunki, ke kika tsaya gaban mahauci, a idonki aka wanke naman. Kuɗin aikinta kawai za ki biya. A yini guda za ta soya miki jar miya babbar tukunya, ta yi taushe, agushi da miyar gyaɗa, duk suna jure daskarewa. Kuka kam kada ta kaɗa: ta haɗa ruwan miyar da nama da daddawa a adana, ranar ci ki tafasa ki kaɗa, kafin tuwo ya nuna kin gama. Ɗanyar kuɓewa ma haka, don yauƙinta na raguwa. A raba a ƙananan robobi, kowace roba ta ci sau ɗaya, a rubuta kwanan wata a murfi.

Dafaffiyar miyar sayarwa ita ce mai sauƙi, amma a nan ake cutar mutane. Na taɓa buɗe robar agushi, launi gwanin kyau, tana taɓa wuta tsami ya cika kicin. Ta narke ne a wajen mai ita da aka ɗauke wuta, aka sake daskarar da ita aka kawo min. Duba da kyau, 'yar'uwa: idan kika ga ƙanƙara ta taru a cikin murfi, ko ruwa ya ware gefe guda ya daskare, mayar mata. Wasu ruɓaɓɓen tumatir na araha suke markaɗawa, yaji da magi su rufe asiri. Manja mai jan da ya wuce misali ma abin tsoro ne, hukumar kula da abinci da magunguna, NAFDAC, ta sha gargaɗi kan wanda ake zuba wa rini. Sai robar da aka ce lita biyu ce, ki auna ki ga ba ta kai ba, naman kuma ganda da ƙashi.

Kowacce kika zaɓa, wutar unguwarku ce za ta yanke hukunci. Firiza cike taf, in ba a buɗewa, tana riƙe sanyi kamar awa 48, mai rabin kaya kuwa awa 24. In ana ɗauke muku wuta fiye da haka kuma babu sola ko janareta, ki tsaya a miyar kwana uku.